Las-nem Uku a Gida Ɗaya

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda na rubuta wannan. Da farko tsoro nake ji kada ya zama na tona asirin gidana. Na tambayi maigidana, ya ce in rubuta, ai ba sata muka yi ba. Sai kuma wani tsoron ya zo: ni da karatuna ya tsaya a aji shida na firamare, me zan rubuta a gari irin Greensboro, inda ko a wurin suna ka juya sai ka taka ƙafar mai neman digiri na uku? Abin da ya sa na daure shi ne ina da tambaya a ƙarshe, kuma ba za a gane ta ba sai an ji labarin. Ba za ku ga sunan kowa a nan ba. Ba ɓoyewa nake yi ba, in kun yi haƙuri za ku ga dalili.

Mu uku ne a gidanmu da ke East Greensboro, ni da maigida da 'yarmu, kuma las-nem ɗinmu uku ne. Las-nem shi ne sunan ƙarshe da mutanen nan suke gane 'yan gida ɗaya da shi. Maigida yana amfani da sunan mahaifinsa. Ni ina amfani da na mahaifina, kamar yadda aka rubuta mini tun ranar da aka sa ni a makaranta. Da aka haifi yarinyar, a asibiti suka tambayi las-nem ɗinta, maigida ya ba su sunansa na yanka, yadda ake yi a gida. A wurinmu babu abin da ya fi wannan tsari, kowa da ubansa. A wurin mai kawo wasiƙu kuwa, akwatinmu kamar na ɗakin 'yan haya ne.

To ni tun da aka kai ni ɗakin miji ban taɓa faɗin sunansa ba. Haka na tashi na ga uwata tana yi, haka ita ma ta ga tata. Malam nake ce masa. In raina ya ɓaci in ce masa bawan Allah, shi ma ya san bambancin. Yarinyar kuma 'yar fari ce, sannan sunan mahaifiyarsa aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Hajiya Ƙarama muke ce mata a gida. Kun ga ke nan cikakken sunan 'yata, sunan surukata ne a gaba, sunan mijina a baya. Daga farkonsa har ƙarshensa babu inda bakina zai dafa.

Wannan bai taɓa damuna ba, don duk wata harkar makaranta da asibiti Malam ne yake yi. Tsohuwar matar da ke zama a teburin ƙofar makaranta ta san fuskata, in ta gan ni sai ta ɗaga hannu ta danna mini ƙofa. Ban san ta yi ritaya ba.

Ranar da abin ya faru ina wurin aiki, a otal ɗin da nake ninke zannuwan gado da tawul, aka kira ni cewa yarinyar tana zazzaɓi, a zo a ɗauke ta. Na shiga mota na tafi, ina karanta duk addu'ar da na sani. Na tarar da sabuwar mata a teburin, budurwa, da gilashi tsakanina da ita. Turancina na aiki ne, yana kai ni yana dawo da ni, don haka na gaishe ta na ce na zo ɗaukar 'yata.

"Yaya sunanta?" in ji ta.

Na tsaya. Na ce, "Tana aji biyu. Ba ta da lafiya."

"Na ji. Sunanta?"

"Siririya ce. Haƙoranta na gaba sun fita. Jakarta da hoton kyanwa."

"Madam, rabin 'yan aji biyu ba su da haƙoran gaba."

Na miƙa mata katin shaidata. Ta duba, ta buga las-nem ɗina a kwamfuta, ta ce babu yaro mai wannan suna a makarantar. Ta ce in na faɗi sunan yarinyar za ta buɗe shafinta ta ga ko ina cikin waɗanda aka yarda su ɗauke ta. Na ce ina ciki, ni ce uwarta, ni na haife ta, har ranar zan iya faɗa mata. Ta ce ba rana take nema ba.

"To yaya sunan babanta?"

Allah ya gani, na buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Na ciro waya na nuna mata lambarsa, ta leƙa ta ga an rubuta Maigida, ta tambaya ko sunansa ke nan, na ce a'a. Na kira shi, ba a ɗauka ba, don a sito ɗin da yake aiki wajen McLeansville a loka suke ajiye waya. Sai ta turo mini takarda da biro ta ƙarƙashin gilashi ta ce in rubuta sunansa. Nan wata sabuwar damuwa ta taso mini. Shin rubutawa faɗa ne ko ba faɗa ba ne? Uwata ba ta yi boko ba, balle in ga yadda take yi. Ban taɓa tambayar kowa ba. Na rubuta harafin farko, na tsaya ina tunani, na sa ɗigo-ɗigo a gabansa, na tura mata.

Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ɗaga waya ta yi magana a hankali. Can sai ga ɗan sandan makaranta ya taho yana gyara bel. Na fara tunanin wa zai sauke waken da na jiƙa in aka tafi da ni.

Allah ya taimake ni ɗakin nas yana kusa. Yarinyar ta ji muryata ta fito da bargo a kafaɗa, ta ce musu da Turanci, "Mamana ce. Ba ta faɗin sunana ne kawai. Na Baba ma ba ta faɗa."

Aka buɗe ƙofa. Amma kafin mu tafi matar ta zagayo ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna, ta tambaye ni cikin raɗa ko ina zaune lafiya a gidana, ko akwai wanda nake tsoro. Na ce mata ba na tsoron kowa sai Allah da karen maƙwabcinmu. Ba ta yi dariya ba.

A mota yarinyar ta kwanta a baya, jikinta kamar garwashi. Na zaci ta yi barci, sai na ji ta ce, "Mama, sun zaci mai satar yara ce ke." Na ci gaba da tuƙi. Ta ce, "Ko dai kin manta sunana ne?" Na ce ban manta ba, kullum yana cikin bakina, fitowa ne ba ya yi. Ta ce, "Duk 'yan ajinmu sunansu ɗaya da mamansu."

Wannan magana ita ta tsaya mini a rai. Na yi ta tunanin in da abin ya fi zazzaɓi fa? In da ɗakin nas yana can ƙarshen gini fa? Na ƙudura a raina ba za a sake tsare ni a bayan gilashi 'yata tana ciki ba, ko me za a yi.

Da na ba Malam labari, dariya ya yi har ya ƙware da shayi. Da ya farfaɗo ya ce, "Ke ma da neman wahala. Nan Amurka ce. Ki je kotu ki ɗauki sunana kamar yadda matan nan suke yi, ke da yarinyar ku zama ɗaya. Nan mace da namiji duk daidai ne, ba a wannan noƙe-noƙen."

Wannan magana ta duk daidai ne bakinsa ya saba da ita, musamman ranar fitar da bola in ana sanyi. Amma na ga shawarar ta yi. Na ga kuma shi ma ta yi masa daɗi, don har yana faɗin sunana haɗe da nasa yana lumshe ido.

Na yi kwanaki ina juya abin. In na ajiye sunan mahaifina, ban yar da shi ba? Yana can ƙauye yana sa mini albarka, ni ina nan ina goge shi daga katin tuƙi. Ran Asabar muka je Pleasant Garden gidan wata Anti, mutuniyar Nijar da ta riga mu zuwa ƙasar nan da daɗewa, duk abin da ya shige mana duhu ita muke kai wa. Ina taya ta yanka albasa na faɗa mata. Ta ajiye wuƙa ta dube ni.

"Bon, ƙanwata, kin ɗauki sunan. Gobe kin je farmasi karɓar magani, sun ce miki yaya sunanki. Bakina za ki ara?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni duk tunanina yana kan kati.

"A lakwal sau ɗaya aka tambaye ki kika kusa kwana a hannun ɗan sanda," ta ce, makaranta take nufi da Hausarsu ta Nijar. "Yanzu kuma banki, likita, wurin aiki, kowa zai tambaya. Kin gudu daga yayyafi kin faɗa rijiya."

Na kai wa Malam wannan. Ya ce ai koyo ake yi, harshe ba ƙashi gare shi ba. Sai na fara gwaji. A wurin aiki nakan tsaya tsakanin manyan injinan busar da kaya, inda ko kai ba ka jin kanka, in motsa baki. Wata abokiyar aikina ta gan ni, ta zaci addu'a nake yi, ta cire hula ta tsaya a gefena har na gama. A mota nakan rufe gilasai in gwada a jan danja, sai in ga kamar na motar kusa yana kallon bakina. Wata rana a kicin Malam ya ce, "To yau dai faɗa mu ji." Na juya masa baya, na fuskanci firij, na rufe ido, na fito da gaɓar farko. Sai na ji kujera ta motsa.

"Ke! Tsaya. Bari dai sai mun je can."

Na juyo na ga ya ɗauki makulli, wai zai duba tayar mota. Tayar lafiyarta ƙalau. Ashe shi ma kunnensa bai shirya ba.

Ranar da muka je kotu makaranta tana hutu, don haka da yarinyar muka tafi. Tun daga ƙofa na fara gumi, na cire duk fil ɗin da na maƙale mayafina da su na zuba a tire don kada injin binciken ƙofa ya yi kuka. Aka nuna mana ofishin magatakarda. Mun samu wata dattijuwa baƙar fata, tabarau a rataye a wuya. Ta yi mana bayani a hankali: za a ɗauki hoton yatsu, za a bincika ko mutum yana da laifi, kuma sai an samo waɗanda za su shaida cewa halinsa mai kyau ne. Nan ma hankalina ya tashi. Ni ina da saurin fushi. In Anti ta rantse cewa halina mai kyau ne, ban jefa baiwar Allah cikin zunubi ba?

Dattijuwar ta ɗauki biro ta ce, "To wane suna kike so ki koma?"

Na dubi Malam. Ya yi caraf ya faɗi sunansa.

"Ita nake tambaya, yallaɓai."

Na dubi ƙasa. Ta sa tabarau ta ƙare mana kallo, irin kallon da matar makaranta ta yi mini. Sannan ta ce da ni, tana jan kowace kalma, "Ki sani ba dole ba ne. Babu dokar da ta ce mace ce za ta canja. In suna ɗaya kuke so a gida, shi ma yana iya ɗaukar naki, a mayar da yarinyar kan naki."

Yarinyar ta yi tsalle ta tafa. "Baba! Ka ɗauki na Mama! Ba kai ka ce duk daidai ne ba?"

Malam ya gyara hula. Akwai mutane a bencin baya suna jira, kuma shi mutum ne da ba ya son a ga gazawarsa. Ya yi murmushi ya ce da dattijuwar ai wannan ba wani abu ba ne, shi mutum ne mai tafiya da zamani.

"Madalla," ta ce. "To wane suna za ka koma?"

A nan sai na gaya muku yadda Malam yake da mahaifina. In Baba ya kira waya, ko a ina Malam yake sai ya cire takalmi ya durƙusa. Na taɓa ganinsa a tsugune a fakin ɗin kanti, ƙafa ba takalmi, motoci suna zagaye shi, yana cewa ranka ya daɗe. Wannan mutumin ne aka ce ya faɗi sunan surukinsa gatsau a gaban jama'a, kuma ya ɗauke shi ya dinga amsawa.

Ya buɗe baki. Ya ce, "Alhaji."

Ta fara rubutawa. "Sunan ke nan?"

"A'a. Wato... Baba. Babanta."

"Ka san sunan, yallaɓai?"

"Na sani sarai."

"To faɗa mini."

Na ga gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Ya yi tari. Ya nuna katina da ke kan tebur ya ce ga shi nan a rubuce. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, na ce masa da Hausa, "Malam, faɗa mana. Nan Amurka ce. Harshe ba ƙashi gare shi ba."

Ya harare ni. Daga baya na ba shi haƙuri, don na ji tsoron kada ya zama rashin ladabi, amma ba zan ɓoye muku ba, a lokacin har cikin raina na ji sanyi.

Dattijuwar ta ajiye biro. "Bari in gane. Ita tana son sunanka, ba ta iya faɗa. Kai kana son nata, ba ka iya faɗa. Akwai wanda yake iya faɗin wani suna a gidan nan?"

"Ni!" in ji yarinyar. Ta miƙe kamar mai karanta hadda, ta zayyano su da ƙarfi: nata, na ubanta, na kakanta na wajen uba, na kakanta na wajen uwa. Ni na ja mayafi na rufe fuska. Malam ya tsura wa silin ido kamar yana neman inda yake yoyo. Sannan ta yi wa dattijuwar bayani da Turancinta mai sauri, cewa ba faɗa muke yi ba, girmamawa ce, mu haka muke.

Dattijuwar ta yi dariya har tana share ido. Ta ce kakarta ma a ƙauye har ta mutu Mista take ce wa kakanta. Sai ta ce me zai hana mu manya kowa ya riƙe nasa, a ƙara wa yarinyar las-nem ɗina a bayan na ubanta, a sa ɗan layi a tsakani, tunda mu biyu mun yarda. Muka dubi juna. Sunan mahaifina ina faɗinsa tun ana kiran rajista a firamare, in dai a jikin nawa yake. Malam kuma ba ya jin kunyar nasa. Muka amince, aka bi duk matakan, aka yi.

Da takardu suka fito na je makaranta musamman don in gwada, ba tare da an kira ni ba. Na tsaya a gaban gilashi na faɗi rabin da yake nawa, da murya sosai. Matar ta buga, shafin ya buɗe, ga hoton 'yata da giɓinta. Ta danna mini ƙofa. Na shiga, na rasa abin da zan yi a ciki, na sha ruwa a famfo na fito. Yanzu Malam yana da rabi, ina da rabi, na farkon kuma babu mai taɓawa a cikinmu. In wannan ne daidai ɗin da yake ta faɗa, to na gan shi da idona.

Da a nan labarin ya ƙare da ban dame ku ba. Ran Juma'a muka kira Baba ta bidiyo. Malam ya cire takalmi ya durƙusa a kan kafet. Yarinyar ta karɓe wayar tana ɗoki, ta ce, "Kaka, an yi mini sabon suna!" Ta faɗa masa duka.

Baba ya matso da kunnensa kusa da waya. Ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Ya ce a ba ni wayar.

"Ke, yaushe na haifi mijinki?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Ai ni yadda na sani, sunan mutum, sai na ubansa, sai na kakansa. Yarinya ta ce ita 'yar wane ce, wane kuma ɗana ne. To in ɗana ne, ke wa kika aura?"

Na ji kamar an kwara mini ruwan ƙanƙara. Na ce, "Baba, akwai ɗan layi a tsakani."

"Layin ana jin sa a baki?"

Ya leƙo ta wayar ya hango Malam a tsugune, ya ce, "To ɗana, sannu da zuwa. Damina ta kusa, sai ka zo ka karɓi fartanyarka." Ina jin 'yan gidan suna ta dariya a bayansa. Malam bai ce komai ba sai ranka ya daɗe.

Na zauna na yi lissafin a juya sunayen, nawa ya zo gaba, nasa ya koma baya. Da na karanta shi yadda Baba yake karantawa, yarinya 'yar Baba, Baba kuma ɗan Malam, sai na ga wannan ya fi muni nesa ba kusa ba, har sai da na yi istigfari.

To ga tambayata. A nan Greensboro ƙofa tana buɗe mini, wannan na gode Allah. Amma yarinya girma take yi, wata rana za mu kai ta gida, wata rana kuma za a zauna ɗaurin aurenta a karanto sunanta a gaban mutane. Ina roƙon duk wanda ya taɓa kai ɗa mai ɗan layi a sunansa Najeriya ko Nijar ya sanar da ni yadda aka karɓe shi, da abin da liman ya yi da ya iso kan layin, tsallakewa ya yi ko tsayawa. Ina kuma neman wanda ya sani tabbas, ba jita-jita ba, ko rubuta sunan miji daidai yake da faɗinsa, don har yau ɗigo-ɗigon nan suna raina. Wanda yake da amsa ya faɗa wa Anti ta Pleasant Garden, za ta isar mini. In ya rasa gane ni, ya ce matar da ta siffanta 'yarta da haƙora. Kowa ya sani.